Yadda za ka sayi fawa baik na hannu a Kano ba tare da kuɗinka sun ƙare a gareji ba

Idan kana son fawa baik, wato babban babur mai ƙarfi, a garin nan kuma kuɗin hannunka ba su taka kara sun karya ba, maganar farko ita ce kar ka tattara duk abin da ka tara ka miƙa wa mai babur. Ka raba kuɗin gida uku, kashi biyu na babur, kashi ɗaya ka ɓoye shi kar ka taɓa, domin babur na hannu ba ya zuwa a gyare, dole sai ka canza taya ko kaca ko batir, ga takardu ga hular kwano, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. Wallahi ba ƙaramin tausayi nake ji ba in na ga matashi ya yi ta tari ya sayi babur mai kyau, sannan babur ɗin ya ƙare a zaure an lulluɓe shi da tamfol saboda tayar baya kawai ta gagara.

Baburan da nake nufi su ne masu matsakaicin inji, daga cc 500 zuwa 700 haka, waɗanda injinsu yake a waje ba a rufe shi da robobi ba, kan babur ɗin a miƙe yake, ka zauna a tsaye ba ka kwanta kan tanki ba. Su ne suka dace da Kano. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Bata ko na Kantin Kwari da rana tsaka a watan Afrilu, zafi ya kai maki 40, ya san babur ɗin tsere ba na nan ba ne, wuyanka da tsintsiyar hannunka za su gaya maka. Sannan in ya faɗi, kuma zai faɗi ko da a tsaye ne, babu wasu robobi masu tsada da za su farfashe, bakanike ma hannunsa yana kaiwa ko'ina ba sai ya kwance rabin babur ba.

To wanne za ka nema? Ni dai ra'ayina a fili yake, ɗan Japan mai silinda biyu mai injekta. Suzuki SV650 shi ne na farko a wajena, tun 1999 ake yin sa, na farkon har zuwa 2002 kafireta biyu gare su, daga 2003 aka koma injekta, injin cc 645 ne mai ƙarfin doki wajen 70 kuma yana da juriya sosai, shi ne dai injin da aka saka a Gladius a 2009. Sai Kawasaki ER-6n da ya fito a 2006, cc 649, shi tun farko da injekta ya zo, wanda ya gaje shi kuma shi ne Z650 na 2017. Yamaha MT-07 da ya fito a 2014, cc 689, ya fi su sauƙin nauyi da daɗin ja, a Amurka da sunan FZ-07 aka fara sayar da shi saboda haka in ka ga wannan sunan a jikinsa babur ɗaya ne, amma fa kuɗinsa ya fi na sauran, mai lissafin kwabo da wuya ya kai gare shi sai dai in ya yi dace. Idan kuma daga Boxer ko Jincheng ko roba-roba za ka tsallako kai tsaye, ka duba Honda CB500F na 2013 zuwa sama, ƙarfin dokinsa wajen 47 ne, kar ka raina shi, Boxer mai cc 100 wajen 8 kawai gare shi, kaga ai ninkin ba kaɗan ba ne.

Na san abin da ke ran yawancinmu, ƙarar silinda huɗu. Honda Hornet 600, Yamaha FZ6 da aka ɗauko injinsa daga R6, Suzuki Bandit 600, da Honda CB400 Super Four. Babura ne masu kyau, ban ce kar ka saya ba, amma ka san me kake ɗaukar wa kanka. Fulogi huɗu, bawul 16, shan mai ya fi yawa, zafin da suke hurawa a ƙafa a cikin gari ya fi yawa, sannan Bandit 600 da Hornet na kafin 2007 da tsofaffin CB400 duk kafireta huɗu gare su, wanke su ba wuya amma daidaita su su riƙa numfashi tare sai da na'ura da wanda ya iya, in ba haka ba babur ya riƙa kakari yana mutuwa a danja. Hornet na 1998 da 1999 kuma tayar gabansa inci 16 ce ba 17 ba, samunta wahala ne, ka duba wannan kafin ka yi ciniki. Akwai ma maganar tayar baya, SV650 da ER-6n suna ɗaukar 160/60-17, su kuwa Hornet da FZ6 da MT-07 180/55-17 suke ɗauka wadda yawanci ta fi tsada, kuma ita ce abin da za ka fi yawan canzawa.

Ducati Monster da Triumph Street Triple ka kalle su ka yaba ka wuce. Ducati yana da bel ɗin taimin da ake canzawa lokaci-lokaci da wani irin setin bawul nasu na daban, in kuɗinka a ƙirge suke ba naka ba ne tukuna.

Kafin ma ka fara neman babur, ka fara neman bakanike. Wannan shi ne abin da mutane suke juyawa. Gari cike yake da masu gyaran babur, amma wanda ya ƙware a ƙananan babura na yau da kullum ba lallai ya taɓa buɗe inji mai lagireto da injekta ba, kuma ba kowa ne zai ce maka bai iya ba. Ka tambayi masu hawa irin waɗannan baburan wa yake musu gyara, ka je wajensa ka gaishe shi ka zauna, ka ce Oga, wane babur ne ka fi samun kayansa, wanne ne in ya shigo nan yake daɗewa bai fita ba? Amsar da zai ba ka ta fi duk abin da za ka karanta a intanet amfani, saboda shi ya san abin da ake samu a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, da abin da sai an aika Ladipo a Legas, da abin da sai an yi odarsa daga waje a jira makonni. In ka samu wanda hankalinka ya kwanta da shi, da shi za ka je duba babur, ka biya shi kuɗin ƙafarsa da kyau, kuma kar ya zama bakaniken mai sayarwa ne ko abokin dillali.

Wajen nema kuma hanya biyu ce, ko tokumbo wanda aka shigo da shi ta Legas ko Kwatano ba a hau shi a nan ba, ko wanda wani ya hau a gida. Tokumbo yawanci injinsa ya fi lafiya, sai dai da yawa daga na Amurka daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, wato sun yi hatsari ko ruwa ya ci su, aka gyaggyara aka yi fenti. Na gida ya fi sauƙin kuɗi, amfaninsa kuma kana iya sanin wanda ya hau shi da inda ake gyara shi. Za ka gansu a Jiji da Facebook da Instagram da guruf-guruf na WhatsApp, amma don Allah kar ka tura wa kowa ko sisi da sunan kafin alƙalami a kan hoto. In babur yana Legas ko Abuja, ko ka je da kanka ko ka tura wanda ka yarda da shi ya tsaya a kansa ya kira ka ta bidiyo kana gani ana tayarwa. Wanda kuma aka saka wa kuɗi ƙasa da na kowa sosai ana cewa mai shi sauri yake, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ranar dubawa, ka ce da sassafe za ka zo kuma kar a tayar da shi kafin ka iso. Kana zuwa, bayan gaisuwa, ka ɗora hannu a jikin injin. In ka ji ɗumi to an riga ka, ka ce Alhaji ba komai, zan dawo gobe. Inji mai zafi yana ɓoye abubuwa da yawa, wahalar tashi, ƙarar taimin cen, hayaƙi, duk da sanyi suke fitowa.

Kar ka yi saurin murɗa makulli, ka fara zagaya shi a kashe. Ka tsuguna ka kalli wuyan babur inda lambar casis take, nan ne hatsari yake barin shaida. Akwai wasu ƴan ƙarafa ƙanana guda biyu da suke tare kan babur kar ya juya ya bugi tanki, in sun lanƙwashe ko sun karye ko ka ga alamar walda, babur ɗin ya sha bugu mai ƙarfi ta gaba. Sabon fenti a wuya kaɗai alhali sauran jikin ya tsufa shi ma abin tambaya ne. ER-6n na shekarun farko an san wasunsu da tsagewa a wajen da inji yake ɗaure da firam, ka haska fitilar waya ka duba wurin da kyau. Gogewa a bakin hannu ko liba ko matakin ƙafa ba abin damuwa ba ne sosai, faɗuwar tsaye ce, sai dai ta ba ka abin rage kuɗi. Ka shafa ƙafafun shokazoba na gaba, in mai ya taɓa yatsanka oyil sil ya tafi, wannan gyara ne mai sauƙi, amma in ƙarfen ya yi tsatsa ya ɓuɓɓule to duk sil ɗin da aka saka zai sake yagewa. A ɗaga gaban babur ka juya kan a hankali hagu da dama, in ka ji yana maƙalewa a tsakiya boris ɗin wuya ya mutu. Ka buɗe tanki ka haska ciki, tsatsa a tankin babur mai injekta ita ce take kashe famfon mai, kuma famfon nan ba araha.

Taya kuma kar zanenta ya ruɗe ka. A gefenta akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida ta bushe ko da zanenta yana nan, a kwaltar Kano mai zafi da yashi a gefe ba za ta riƙe ka ba, ka lissafa kuɗin sabuwa ka cire daga ciniki. Kaca ka juya tayar baya kana taɓa ta wuri-wuri, in wani wajen ta yi tauri wani wajen ta saki ta gama aiki, haka in haƙoran da take hawa sun yi tsini sun karkace, kuma tare ake canza su gaba ɗaya. Faifan birki akwai mafi ƙarancin kaurinsa a rubuce a jikinsa, bakanikenka ya auna. Sai baƙin mai, ka duba ta ɗan gilashin da ke gefen inji, in ya yi baƙi ba laifi canzawa za a yi, amma in ka ga ya koma kalar shayi mai madara to ruwa yana shiga cikinsa, ka yi sallama kawai.

Yanzu ka murɗa makulli amma kar ka tayar. Fitilar baƙin mai da ta injekta dole su kama, ka ji famfon mai ya yi ɗan kuka na daƙiƙa biyu ko uku, bayan ya tashi kuma su mutu, ta ABS, wato tsarin da ke hana taya cijewa in an kama birki, in yana da shi sai an fara tafiya take mutuwa. Fitilar da ba ta kama ba tun farko ka tambayi dalili, akwai masu cire ta don kar ta tona asiri. Ya kamata ya tashi bugu ɗaya ko biyu ba tare da an murɗa masa wuta ba. Ka koma bayan salansa ka tsaya, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana ƙona baƙin mai ne, ringi ko bawul, farin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi ruwa ne, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa, shi ne mai sauƙin cikinsu. In mai lagireto ne, ka bar shi yana aiki a tsaye har fankar lagireto ta kama da kanta, yawanci in zafi ya kai wajen 100 ko ya ɗan haura. Kar ka gaji da jiran nan ko da mai babur ya fara duba agogo, domin babur ɗin da fankarsa ba ta aiki a garin nan kwana kaɗan zai ƙona gasket.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya yi shi ne gwajin caji, saboda rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke cajin batir, ita ce ciwon da ya fi damun tsofaffin Honda da Suzuki na wancan zamanin, zafi ne yake kashe ta, mu kuma zafi ne da mu. Ƴar mitar gwajin wuta ba tsada, a ɗora a kan batir, a kashe ya nuna wajen 12.6, in an tayar an ɗan ba shi wuta zuwa 4,000 ko 5,000 ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka ba ya caji, sama da 15 kuma dafa batir yake yi har ya iya taɓa biren bos, wato ƴar kwamfutar da ke sarrafa inji. Tunda an ɗaga kujera, ka kalli wayarin, in ka ga an yayyanka an nannaɗe da salatif ko'ina an jona fitilu kala-kala, ka sani ranar da zai tsaya maka a hanyar Zariya da daddare babu mai gane kansa.

Hawa gwaji dole ne. In ba ka saba da babba ba, bakanikenka ya hau. A bi giya ɗaya bayan ɗaya har ta shida, a ba shi wuta sosai a giya ta biyu a ga ko za ta fice da kanta, in ta fice aikin buɗe inji ne. A giya ta sama a murɗa wuta a ƙaramin gudu, in ƙara ta tashi amma gudu bai ƙaru ba kuloci yana zamewa. A miƙaƙƙen titi mara rami a ɗan sassauta riƙo a ga ko yana ja gefe guda. Lambar da ke kan mita kuma kar ka ɗauke ta da zafi, ana canza mita, sannan na Amurka da Ingila da mil suke ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, saboda haka 30,000 a can ta kai kilomita 48,000. Babur mai tafiya da yawa da aka kula da shi ya fi wanda aka ajiye shekaru mai ya bushe a cikinsa.

Makulli ma ka tambaya guda nawa ne. Hondan da aka yi wa Turai suna da tsarin HISS, wato inji ba ya tashi sai da makullin da aka yi masa rajista, Yamaha kuma irin su FZ6 da MT-07 na can suna zuwa da jan makulli wanda da shi ake yin sabo. In guda ɗaya tak aka ba ka kuma ya ɓata, maganar ta wuce wajen mai yankan makulli, tana iya kaiwa ga canza biren bos.

Takardu kuwa ko babur ya fi kowanne lafiya, in ba su cika ba ka haƙura. Lambar casis da ke wuya da lambar inji su yi daidai da abin da ke takarda harafi da harafi, ta casis yawanci guda 17 ce, sai waɗanda aka yi don kasuwar Japan kamar CB400 da tasu take gajeriya. In ka ga alamar an goge an sake bugawa, ka tafi kar ka waiwaya. Tokumbo ka nemi takardar kwastan, na gida ka nemi rasit na asali da takardar mallaka da ta rajista. A rubuta yarjejeniya, sunan mai sayarwa da lambar katinsa na ɗan ƙasa, lambar casis, kuɗin da aka biya, shaidu biyu su sa hannu, ka ɗauki hotonku tare da babur, kuɗin kuma ka tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai babur, ba na ƙaninsa ko na dillali ba. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a fara ciniki, kowa ya san wa zai biya. Bayan nan ka yi canjin mallaka da lamba da inshora, ka yi lasin na babur wato aji A, saboda ƴan KAROTA da Road Safety da VIO babban babur ba ya wuce su ba su gani ba. Ka kuma tuna tun farkon 2013 aka hana acaɓa a birnin nan bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, don haka maganar goyo ka tambayi yadda doka take a lokacin kafin ka ɗauki wani.

Wajen ciniki ba sai ka kushe babur ɗin mutum ba, hakan ɓata rai kawai yake jawowa. Ka rubuta abin da kuka gani, taya, kaca, sil, batir, bakanike ya faɗi kuɗin kowanne a gabansa, ka ce ranka ya daɗe babur ya yi min, amma ga abin da zan kashe kafin in hau, a duba min. In ya ƙi saukowa inda kuɗinka suke, ka bar masa lambarka ka tafi, kar ka taɓa kashi ɗayan nan da ka ɓoye.

In Allah ya sa an daidaita, daga nan gareji za ka wuce ba majalisa ba. A juye baƙin mai da filta ko da an rantse maka jiya aka canza, kuma a saka na babur mai rubutun JASO MA ko MA2, na mota yana sa kuloci zamewa tunda a cikin man yake wanka. A canza man birki, yawancinsu DOT 4 ne, a zuba kulant na gaske a lagireto ba ruwan rijiya ba, a duba filtar iska, ita kuma da hunturu ka riƙa buɗe ta akai-akai saboda ƙura, kaca ma haka, wankewa da shafa mata mai. A tambayi setin bawul, SV650 duk kilomita 24,000 ake dubawa, MT-07 kuma sai wajen 40,000. In SV ka saya, da damina ka kula da fulogin gaba, ruwan da tayar gaba take watsowa yana taruwa a raminsa har silinda ɗaya ta ɗauke. Mai kuma ka sha a gidan mai da ka yarda da shi, na ƴan bumburutu ka bar shi sai dole.

Hular kwano mai rufe haɓa, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu da jaket, da su za ka fara hawa tun ranar farko, na san da zafi amma haka za ka daure. Ka samu kwaɗo mai kyau da tiraka, kuma a cikin gida zai riƙa kwana. Makonnin farko ka nemi fili ko titin da ba mutane da sassafe ka koyi birkin gaba, domin shi ne yake tsayar da babur mai nauyin kilo 180 zuwa 200, ba na ƙafa da aka saba dannawa a ƙaramin babur ba, ka koyi juyawa a hankali da tashi ba tare da ya fizge ka ba. Sai hannunka ya faɗa sannan ka shiga cikin ƴan adaidaita sahu, kana ba su tazara sosai, saboda duk inda fasinja ya ɗaga hannu nan za su karya ba sigina.